Dunduniyata ta hana ni taka ƙasa da asuba: in bari a yi mini sakiya?

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam, a nan Zinder, ta aiko da wannan tambaya:

"Malama, salamu alaikum. Shekarata 48, abinci nake sayarwa kusa da Kasuwar Dole, tun bayan asuba ina tsaye har la'asar. Wata 5 ke nan dunduniyata ta dama ta hana ni sakat. In na sauko daga gado zan yi alwala, sai in ji kamar na taka ƙusa, sai na dafa bango. In na ɗan zagaya sai ciwon ya lafa, da yamma kuma ya dawo. Na sha ƙwayoyi wajen masu tallar magani, an ce sanyi ne na sha jiƙe-jiƙe, wata ma ta ce sammu na taka. Na yi hoto, an ce ƙashi ne ya tsiro mini. Yanzu ƙanwar maigidana ta matsa in je a yi mini sakiya. In je? Ko kuwa sai an yi mini aiki an cire ƙashin? Sana'ar nan ita ce cinmu da shanmu, ba zan iya zaman gida ba."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu, Allah ya sawwaƙe. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: don Allah kada ki je sakiyar nan. Ana yin sakiya ne don a fitar da mugunya, ke kuwa bisa abin da kika faɗa babu mugunya a dunduniyarki, babu wani mataccen jini da ke jiran a ba shi hanya. Abin da ƙarfen zai bar miki shi ne rauni a daidai wurin da ke ɗauke da nauyin jikinki duka, ki kuma koma da shi cikin ƙurar kasuwa da ruwan wanke-wanke. Raunin tafin ƙafa ba ya saurin warkewa, tabonsa kan zama sabon ciwo, ga haɗarin tetanos mai sandarar da jiki. In kuma kina da ciwon suga ba ki sani ba, irin wannan ɗan rauni ne kan kai mutum ga rasa ƙafa. Haka nan tsaga da ƙaho a wannan wuri. Na san ƙanwar maigidanki tausayinki take ji, ki yi mata godiya, ki ce kin samu wata hanya za ki gwada tukuna.

Ban ga ƙafarki da idona ba, amma yadda kika kwatanta ciwon, wato zafi a ƙasan dunduniya da takun farko na safe, ya lafa in an motsa, ya dawo bayan doguwar tsayuwa, shi ne ainihin yadda ciwon jijiyar tafin ƙafa ke bayyana. Za ki iya taɓa jijiyar da hannunki yanzu. Ki zauna, ki ɗora ƙafar dama a kan gwiwar hagu, ki kama babban yatsa ki ja shi sama wajen ƙwauri, sannan ki shafa tafin ƙafar da ɗaya hannun. Za ki ji wani abu ya miƙe tsam daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Ki bi shi da babban yatsan hannu har inda ya manne da ƙashin dunduniya, ta ɓangaren ciki, ki danna. Ina kyautata zaton nan ne za ki ce wash. Ƙasusuwan tafin ƙafa a lanƙwashe suke kamar baka, wannan jijiya kuma ita ce tsirkiyar da ke riƙe da bakan kada ya baje. Duk takun da kika yi sai ta ja. In aikin ya fi ƙarfinta, yau da gobe sai wurin da ta manne da ƙashi ya fara sassaɓewa, ya yi kauri, ya yi tsami.

Zafin asuba kuma ga dalilinsa. In mutum na barci, ƙafarsa kan saki, yatsu su kalli ƙasa, jijiyar ta kwana a takure. Sai ki tashi ki ɗora mata nauyinki gaba ɗaya a taku guda, a kan siminti, babu takalmi. Shi ya sa in kin jima a zaune kina lissafin ciniki, tashin ma kan zo da irin wannan zafi.

Ba ke kaɗai ba ce. An kiyasta cewa wajen mutum 1 cikin 10 zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, kuma ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, da masu sana'ar tsayuwa a kan daɓe mai tauri, da masu jiki, da waɗanda tsokar sharaɓarsu ta ɗaure. Ki duba da kyau, kusan duk kin haɗa. Addu'a da neman tsari ba a barin su a kowane hali, amma kada ki sa wa ranki zargin wata maƙwabciya ko abokiyar sana'a a kan ciwon da sababinsa ke bayyane. Wannan zargi kan ɓata zumuncin shekaru, ƙafar kuma tana nan da ciwonta.

Batun ƙashin da aka gani a hoto, ki kwantar da hankalinki. Gaskiya ne wani ɗan tsini kan fito a ƙasan ƙashin dunduniya, amma akwai mutane da yawa da ke yawo da shi ba su taɓa jin ciwo ba, akwai kuma masu ciwon sosai da hotonsu bai nuna komai ba. Tsinin ma a kwance yake yana kallon yatsu, ba ƙasa yake suka ba. Mutane na warkewa sarai alhali yana nan inda yake. Saboda haka ba a gaggawar yin aiki a kansa. Wajen mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da wuƙa ta taɓa su ba.

Na ce shekara guda, kuma da gangan na faɗa, don kada ki yi sati biyu kina abin da zan gaya miki ki ce ba ya aiki. Wannan jijiya ba ta samun jini da yawa, warkewarta a hankali take. Sauƙi kan fara bayyana cikin sati 6 zuwa 8, amma rabuwa da ciwon kan ɗauki watanni. Abin da ya fi cutar da masu wannan ciwo, a ganina, shi ne tsalle daga wannan magani zuwa wancan, kuɗi na tafiya, ba a tsaya kan ɗaya ba har ya yi amfani.

Ga abin da nake so ki fara gobe da asuba, kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa. Ki zauna a bakin gado, ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ki kama yatsun duka a gindinsu ki ja su sama wajen ƙwauri har ki ji tafin ƙafar ya miƙe. Ki riƙe na daƙiƙa 10, ki saki, ki maimaita sau 10. Ja za ki ji, ba zafin da zai sa ki cije leɓe ba. In ya kai haka ki sassauta. In hannunki ba ya kaiwa, ki kwana da kallabi ko tawul kusa da matashi, ki miƙe ƙafar a kan gado, ki rataya shi a ƙarƙashin yatsu ki ja da hannu biyu. Duka bai wuce minti 3 ba, ba zai sa ki makara salla ba. Ki sake yi da rana, ki sake da dare, sau 3 ke nan, ki kuma ɗan yi ko sau biyu ne duk lokacin da za ki tashi bayan dogon zama. Wannan motsi ba shaci-faɗi ba ne. A shekarar 2003 likitocin ƙashi a Amurka sun gwada shi a kan mutanen da suka daɗe da ciwon, bayan sati 8 waɗanda suka yi shi sun fi samun sauƙin zafin safe a kan waɗanda suka tsaya ga miƙar da agara kaɗai.

Ba a ce a bar agarar ba. Tsokar sharaɓa da agara da jijiyar tafin ƙafa duk a ƙashin dunduniya suke haɗuwa, in na sama ya ɗaure na ƙasa ne ke shan wuya. Ki fuskanci bango ki dafa shi, ki mayar da ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, ki karkata gaba har ki ji ja a sharaɓa. Daƙiƙa 30, sau 3, safe da yamma.

Yanzu takalmi, kuma nan zan daɗe, don na tabbata rabin matsalarki a nan take. Ba ki faɗa mini abin da kike sawa ba, amma na san abin da yawancin matanmu masu abinci ke tsayuwa a kai: silifa ɗan siriri wanda dunduniya ta riga ta cinye, har ana hango ƙasa ta wurin. Irin wannan da tafiya babu takalmi kusan ɗaya ne, ga shi kuma yatsu na ta ƙoƙarin damƙe shi kada ya fice. In za ki sayi wani, ki ɗauke shi a hannu ki gwada naɗe shi. In ya naɗe a tsakiya ko ya murɗe cikin sauƙi, ki ajiye. Wanda kike nema shi ne mai lanƙwasawa a wajen yatsu kaɗai, mai kauri da ɗan taushi a ƙarƙashin dunduniya, bayansa ya ɗan fi gabansa tudu da kamar santimita 2 zuwa 3, mai ɗan tudu a tsakiya da zai tallafi kwarin ƙafa, kuma yana da maɗauri ta baya. Takalmin gudu irin na ƴan wasa ya fi kowanne, ko da na gwanjo ne, muddin kika juya shi kika ga ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. Na san wata za ta ce mace mai shekarunki da zane da mayafi ina ita ina takalmin ƴan ƙwallo. Ki sa abinki, Hajiya, ba su ne ke dafa bango da asuba ba. In kuma zafin bazara ya hana ki rufaffen takalmi, Allah ya hore wa garin nan dukawa da masu gyaran takalmi da suka san aikinsu. Ki kai musu takalmi mai ƙarfi, su sa miki maɗaurin fata ta baya, su ƙara soso mai tauri a ƙarƙashin dunduniya. A yi wa ƙafa biyun daidai, kada ɗaya ta fi ɗaya tsawo ki jawo wa kanki ciwon ƙugu. A wasu farmasi ana samun ɗan matashin roba mai laushi da ake sawa cikin takalmi a ƙarƙashin dunduniya, shi ma yana taimakawa.

A gida ma haka. Mun saba cire takalmi a ƙofar ɗaki, to ki ware guda mai tsabta na cikin ɗaki, ya kwana a gindin gado. Daga gado ƙafarki cikinsa za ta faɗa, da shi za ki je alwala. Na watannin nan, ban da yawo a kan siminti ko tayil babu takalmi, ko da daga ɗaki zuwa madafa ne.

Ba zan ce ki bar sana'a ba. Ban ga amfanin shawarar da ba za a iya bi ba, kuma kwanciya gaba ɗaya ma ba ita ce magani ba. Abin da ake so shi ne a rage wa jijiyar kaya. Ki zauna ki duba aikinki na yini, ki raba wanda dole sai a tsaye da wanda sabo ne kawai ya sa ake yin sa a tsaye. Yankan albasa, gyaran kayan miya, zuba abinci, karɓar kuɗi, duk ana yin su a zaune in an samu kujera mai ɗan tsawo daidai da teburin. Inda kike tsayuwa gaban tukunya ki shimfiɗa wani abu mai kauri, ko tabarmar roba ninki biyu, nesa da wuta. Ki riƙa zama na ƴan mintoci duk bayan rabin awa, kafin ƙafar ta fara kuka, musamman ranar Alhamis da kasuwa ke cika. Sai ruwa, wanda duk mutumin Damagaram ya san wahalarsa. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, kuma in kika ɗauke ta, a kan wannan dunduniya take sauka. Ki bar wa yara ko ƴan ga-ruwa na ɗan lokaci. Kuɗin da za ki ba su bai kai wanda ƙwayoyi ke ci ba.

Da yamma in kin dawo ƙafa na zogi, ki samu gorar roba da ruwa ya daskare a ciki, ki naɗe ta da ƙyalle marar kauri, ki zauna ki riƙa mirgina ta a ƙarƙashin tafin ƙafa na minti 10 zuwa 15. In babu wuta, ƙanƙarar leda ma ta isa, a naɗe cikin ƙyalle. Sanyin ba zai "shiga" ƙafar ya ƙara miki ciwo ba, zogi yake kwantarwa. Wasu kuma ruwan ɗumi ya fi yi musu daɗi, babu laifi. Murza tafin ƙafa da man kaɗanya shi ma yana da kyau, ga shi zai tsare ki daga faso in hunturu ya shigo. Sai dai ki sani duk waɗannan lallashi ne, gyaran yana wajen motsin nan da takalmi da rage tsayuwa.

Ƙwayoyin masu talla su ne suka fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Wata 5 kina sha, ba ki san sunansu ba, wataƙila shi mai tiren ma bai sani ba, ga su sun wuni cikin rana. Abin da aka fi bayarwa don irin wannan ciwo shi ne diklofenak da ibuprofen, kuma shan su kullum na tsawon watanni yana cin ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini. Haɗarin ƙodar ya fi yawa ga mai wuni gaban wuta cikin zafin Afrilu da Mayu tana zufa ba ta shan isasshen ruwa. Wasu kan haɗa da deksa, mai kumbura fuska da tayar da suga, wasu da tramol, wanda mun ga abin da ya yi wa samarinmu. Ki tattara ragowar da ke hannunki ki kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. In akwai deksa a ciki kuma kin daɗe kina sha, ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake janye shi bisa umarnin likita. Ranar da zafi ya matsa, parasetamol ya fi sauƙin haɗari, ko maganin shafawa. In kuma likita ya rubuta miki ibuprofen, na ƴan kwanaki ne, bayan an ci abinci.

In zafin ya ɗan sauka, sai ki ƙara da ƙarfafa ƙafar. Ki naɗe ƙaramin tawul ki ajiye a bakin dakali, ki taka shi da yatsu yadda za su ɗan ɗaga sama, dunduniya na lilo a waje, ki dafa bango. Ki yi ɗage a hankali kina ƙirga 3, ki tsaya a sama ki ƙirga 2, ki sauko kina ƙirga 3. Ki fara da ƙafa biyu tare, sau 8 zuwa 12, ki huta, ki yi zagaye 3, yau a yi gobe a huta. In ya yi miki sauƙi sai ki koma ƙafa ɗaya. A ƙasar Denmak an gwada wannan a kan mutum 48, waɗanda suka yi shi sun fi samun sauƙi a wata na 3 a kan waɗanda suka tsaya ga miƙar da tafin ƙafa, ko da yake da aka kai shekara duka ɓangarorin biyu sun yi daidai. Wato yana gaggauta sauƙi ne. In kin ga washegari zafin ya ƙaru sosai, kin yi da yawa, ki rage.

Akwai maganar da ba a son ji, amma zan faɗa da girmamawa. In jiki ya ƙaru a ƴan shekarun nan, rage ko da kilo kaɗan ne yana sauke wa dunduniya kaya a kowane taku. Mai sayar da abinci tana da jarabawar ɗanɗane da cin ragowa, ga shayi mai suga da lemo mai sanyi saboda zafi. Daga nan za ki fara.

Wannan satin nake so ki je likita mafi kusa da ke a auna miki suga da hawan jini, a kuma duba ƙafar da hannu, domin akwai cututtukan da ke kama da wannan amma ba shi ba ne. In kina jin ƙafar na dindiris ko tana yi miki kamar ana tsira allura, ko zafi kamar wuta da dare kina kwance, wannan ya fi kama da matsalar jijiyar ji, wadda suga kan jawo. Mai irin wannan ba ta sa ƙanƙara ko ruwan zafi, don za ta iya ƙonewa ba ta ji ba. In dunduniyar ta kumbura, ta yi ja, ga zazzaɓi, ko akwai rauni, ko kin ji wani abu ya tsinke farat ɗaya kin kasa takawa, kada ki kwana, ki tafi asibiti. In matse ƙashin dunduniya ta gefe da gefe ne ke kawo zafin, ana iya zargin tsagewar ƙashi. In kuma dunduniya biyun ne tare da sandarewar baya ko kumburin gaɓoɓi da safe, wannan ma wani bincike yake so.

Ki riƙa lura da abu ɗaya don ki san ko ana ci gaba: zafin takun farko na asuba. Duk ranar Juma'a ki ba shi maki daga 0 zuwa 10, ki sa yaro ya rubuta a bayan littafin bashi. In wata 3 ya cika kina yin duk abin nan da gaske makin bai sauka ba, ki nemi a tura ki babban asibitin ƙasa na Zinder, ki tambayi likitan ƙashi ko masu motsa gaɓoɓi da ake ce wa kine. Suna da sauran dabaru, kamar ɗaure tafin ƙafa da filasta ta musamman, ko abin da ake sawa da dare ya riƙe ƙafar kada ta kwana a takure. Akwai kuma allurar da ake yi a dunduniya. Tana kashe zafi, amma galibi na ƴan makonni ne, kuma yawan maimaita ta kan narkar da kitsen da ke ƙarƙashin dunduniya ko ya tsinka jijiyar. In za a yi, likita ne zai yi a asibiti, ba mai allurar unguwa ba, kuma ko an yi ba a barin motsin asuba da takalmin.

Allah ya ba ki lafiya, Hajiya, ya sa albarka a sana'a. Ki rubuto mini bayan wata 2 ki faɗa mini makin, da abin da awon suga ya nuna.